Fatawa: Ware Mai Ƙyanda a Cikin Gida Ya Saɓa wa Tawakkali?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Matana biyu, mahaifiyata kuma tana zaune tare da mu. Baƙon dauro ya kama yaran uwargidana biyu. Da muka kai su likita aka ce mu ware su a ɗaki guda, kada sauran yara su shiga, musamman jaririn amarya mai wata bakwai da ba a kai ga yi masa allura ba. Da na faɗa a gida sai Inna ta ce wannan rashin tawakkali ne, babu mai shafa wa wani ciwo sai abin da Allah ya rubuta, kuma Annabi ma ya faɗa. Maƙwabta da dangi suna ta zuwa dubiya da goyonsu, ina jin nauyin in mayar da su. Uwargida ita ma ta fara ganin kamar ƙyamar ɗiyanta ake yi. Ga batun kwana, ga Juma'a, ga makarantar allo ta sauran yara. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba yaranka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan'uwa, abin da likita ya umurce ka ya dace da shari'a, a halin da gidanka yake ciki ma wajibi ne a kanka, domin akwai jariri a ƙarƙashin kulawarka wanda ciwon nan zai iya halakawa, kuma kai za a tambaya game da shi. Annabi (SAW) ya ce: "Kada mai marasa lafiya ya gangarar da su inda mai lafiyayyu yake." Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. A kan raƙuma aka yi maganar, to ina ga ɗan Adam? Muslim kuma ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai wani kuturu, Annabi ya aika masa cewa: "Mun karɓi mubaya'arka, ka koma." Mubaya'a ce fa, wadda aka saba yi hannu da hannu, amma aka karɓe ta daga nesa, mutumin kuma bai rasa komai na ladanta ba.

Hadisin da Inna ta ambata ingantacce ne, kada ka ce mata babu shi. "La adwa", babu harbin cuta. Amma a cikin ruwayar Buhari, maganar da ta fara da wannan jimla ita ce ta ƙare da "ka guji kuturu kamar yadda kake gudun zaki". Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, don haka ba sa karo. Mafi yawan malamai, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo, sun ce abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya ta cewa ciwo yana tsallakawa da ikon kansa. Allah ne ya sanya cuɗanya ta zama sababi, in ya so sababin ya yi aiki, in ya so ya hana. Ibn Hajar ya bi wata hanya, ya ce korewar tana nan yadda take, an hana cuɗanya ne don kada mutum ya kamu sannan ya jingina wa wanin Allah. Ka lura, ko ta wace hanya aka bi, a aikace hukunci ɗaya ne: a raba su.

Tawakkali kuwa, babu wanda ya fi Sayyidina Umar saninsa a cikinmu. Lokacin annobar Amwas ya tasar wa Sham, ya isa Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, aka ba shi labari, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa: gudun ƙaddarar Allah? Ya ce: "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya ba su hadisin cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Akwai kuma wata ƙissa a Muwaɗɗa ta Imam Malik da nake so ka karanta wa Inna a natse, bayan sallar isha, ba a gaban surukanta ba. Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata: "Ya baiwar Allah, kada ki cutar da mutane, da kin zauna a gidanki." Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya ce mata wanda ya hana ki ya rasu, fito. Ta ce ba zan yi masa biyayya yana raye ba sannan in saɓa masa bayan ya mutu. Tsofaffinmu masu son addini ne, idan suka ji daga Muwaɗɗa zuciyarsu takan kwanta. Ka yi mata magana da ladabi, ka nemi addu'arta ga jikokinta. Amma ko ba ta gamsu ba, kada ka buɗe ɗakin, biyayya ga iyaye ba ta kai ga jefa wani rai cikin cuta ba.

Hukunci yana bin sanin yadda abu yake, don haka ga abin da masana lafiya suka tabbatar game da ƙyanda. Ƙwayar cuta ce mai bin iska ta tari da atishawa, tana iya daɗewa a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ciwon ya fita. A cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da mai ita, kusan 9 suna kamuwa. Yaro yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso har kwana 4 bayan sun feso. Iyakar killacewar ke nan: kwana huɗu cikakku bayan fesowar ƙuraje, sai dai in likita ya ƙara. Ba wata guda ba ne, ba kuma har sai fata ta gama saɓa ba. Na faɗi wannan ne don wasu gidajen suna wuce gona da iri, su bar yaro a kulle bayan haɗari ya wuce, wannan ma cutarwa ce, Annabi kuma ya ce babu cuta babu cutarwa.

Tunda ciwon yana yaɗuwa kafin a gane shi, mai yiwuwa jaririn ya riga ya shaƙa. Ka kai shi likita yau ɗin nan, kada ka jira gobe. Allurar ƙyanda ta farko a nan Nijar a wata 9 ake yin ta, amma idan cuta ta shigo gida likita yana iya yi wa ɗan wata shida zuwa sama, kuma tana taimakawa in an yi ta cikin kwana 3 da cuɗanyar. Ta wata tara da ta biyu suna nan a kansa daga baya. Ku sa masa ido har mako uku. In Allah ya ƙaddara ya kamu duk da haka, haramun ne wani a gidan ya nuna uwargida ko ɗiyanta da yatsa, kuma ba ya nufin warewar ba ta da amfani, domin akwai sauran yara da na maƙwabta.

Zan ɗan tsaya a kan uwargida, don a nan gidaje da yawa suke samun tsaga. Mace tana kwana zaune da yara biyu masu zazzaɓi, idanunsu sun yi ja suna ruwa, tari ya hana su barci, sannan ta leƙo ta ga an janye tabarma daga ƙofar ɗakinta, an ajiye mata kwanon tuwo a ƙasa an juya ba sallama. Dole ranta ya sosu. Shari'a ta ce a nisanta ciwo, ba ta ce a yasar da marar lafiya ko mai jinyarsa ba. Jinya farilla ce a kan iyalin gida. Ita uwa, in ta taɓa yin ƙyanda tana ƙarama ko an yi mata allura, ita ta fi cancanta ta zauna da su, amarya kuma ta ɗauke mata girki da ɗiban ruwa a waɗannan kwanaki, tana da lada. Kai kuma, in ka taɓa yin ƙyanda ko an yi maka allura, ka riƙa shiga da kanka, ka dafa goshin yaran, ka yi musu addu'ar da Annabi ya koyar, ka sayo abin da suke marmari. A ware musu kofi da kwano, a buɗe taga iska ta ratsa, a wanke hannu da sabulu in an fito. Mace mai ciki kada ta shiga sam, ƙyanda tana jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Wanda gidansa ɗaki ɗaya ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ko rumfa ce mai inuwa a tsakar gida, Allah ya ce ku ji tsoronsa gwargwadon ikonku.

Kwana bai faɗi ba. Ciwon yara ba ya sauke haƙƙin uwa. Wanda ya taɓa yin ƙyanda ba ya sake yi, don haka in kana cikinsu, ko an yi maka allura, ka ci gaba da rabon kwana yadda ka saba. In ba ka da tabbas, ko kai kanka ka fara jin zazzaɓi da mura, to ka tara su ka nemi yardarsu ka zauna wuri guda har ka warke. Annabi a ciwonsa na ƙarshe izinin matansa ya nema kafin a yi jinyarsa a ɗakin A'isha.

Dubiya sunna ce mai girma, kare rai kuma wajibi ne, idan suka haɗu wajibi ake gabatarwa. Ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a zaure, ka karɓi gaisuwa a nan, ka faɗa wa mutane gaskiya cewa ƙyanda ce. Ɓoyewa don kunya ha'inci ne ga maƙwabci. Mai goyo da mai ciki a roƙe su su yi addu'a daga gida ko su bugo waya. Abin da yake damuna a garin nan, duk rani daga sanyi ya ja baya har zafi ya kama, shi ne mace ta goyo jaririnta ta hau kabu-kabu daga Bagalam ko Sura Bildi ta je duba ɗan ƙanwarta, ta zauna a bakin gado ana shan hura, bayan kwana goma sha wani abu nata ya kwanta. Niyyarta zumunci, amma maigidan da ya sani ya yi shiru yana da kamasho a cikin abin da ya faru.

Juma'a da jam'i suna kanka matuƙar kana lafiya kuma akwai mai kula da yaran. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa ciwo da jinya da kuturta cikin uzurorin barin Juma'a, Shehu Halil ya jera su a Muhtasar, har da cin tafarnuwa. In warin tafarnuwa ya isa a nisanta mutum daga sahu, ciwo mai kisa ya fi cancanta. To duk babban da alamun suka bayyana gare shi ya yi azahar raka'a huɗu a gida, zuwansa masallaci laifi ne. Na san abin da ya faru a 2020, lokacin da aka rufe masallatai saboda korona, ya bar wa mutane da yawa zargi a kan duk maganar killacewa. Wannan mas'ala dabam ce: masallaci a buɗe yake, marar lafiya kaɗai aka ce ya zauna. Sauran yaran da aka yi musu allura biyu za su iya zuwa makarantar allo da lakwal. Wanda ba a yi wa ba ya zauna gida har mako ukun su cika, ka kuma sanar da malaminsu dalili.

Kada a hana yaran ruwa ko abinci, kada a ƙi goge musu jiki don camfin cewa baƙo ba ya son ruwa, kuma kada a ɗiga musu wani jiƙo a ido, ƙyanda da ma tana taɓa ido, ana rasa gani ta haka. Ka tabbatar an ba su ƙwayar bitamin A da likita ke bayarwa kwana biyu a jere. In ka ga numfashi yana sauri haƙarƙari na lotsawa, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko yaro ya kasa shan ruwa, ko ya sanƙare, ka mayar da shi likita ko da tsakar dare ne. Fita neman magani ba ta karya killacewa, sai dai ka sanar da ma'aikata tun daga ƙofa don kada a zaunar da shi cikin jarirai.

Wallahu a'alam.