Amsar Baffa kan tatsar tunkiya

Ɗana, saƙonka ya iso, an karanta mini bayan la'asar. Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba, ganin har ka fara kiran abin da iyayenmu suka bari camfi. Ka ce a jami'a an koya muku nonon tunkiya yana da furotin kashi 5 zuwa 6 cikin 100, na saniya kashi 3 da ɗoriya, to me ya hana mu tatsar tumaki? Ka kuma ce ƙwayoyin gadon da ke haɗa kezin, wato babban furotin ɗin nono, a hantsa suna kwance ne sai haihuwa ta gabato, sinadarin furolaktin ya tashe su, idan aka daina tsotso su koma su kwanta.

To, wannan na ƙarshe mun san shi tun ba mu san boko ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce hantsa ba ta sauraron hannu, bakin ɗa take sauraro.

A farin 1973 ina saurayi, muna da wata farar bunaji da ita kaɗai ke riƙe da gidan. Maraƙinta ya mutu da dare. Da safe innarmu ta durƙusa da ƙwarya, ta ja, ta ja, ko ɗigo. Hantsa a cike tam, saniya ta riƙe abinta, sai kuka take tana duban dangwali. Mahaifinmu ya aika rugar da ke gabas da mu, hanyar Maigatari, wani dattijon Bafillace ya zo. Ya feɗe maraƙin a tsanake, ya cusa wa fatar ciyawa, ya ɗinke, ya yayyafa mata ruwan kanwa, ya tsayar a gabanta. Ta sansana, ta ja da baya, ta sake matsowa, sai ta fara lasa. Tana cikin lasar nan innarmu ta taɓa hantsa, madara ta tsinke a ƙwarya har da kumfa. Na ga hannun innarmu yana rawa. Da wannan nonon ƙannenmu suka kai damina.

Shi ya sa ake sakin maraƙi ya fara tsotsa kafin a tatsa, kuma ba a taɓa dakashi, hakkin ɗa ne. Yanzu ina ganin yara suna tatse saniya ƙarƙaf don a kai kasuwa, maraƙi na tafiya ƙafa na harɗewa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ita tunkiya kuwa, 'yankasa ce ko uda, abin da ke hantsarta kaɗan ne, wani lokacin ga tagwaye. Kaurin nan da kuka auna shi ke tayar da ɗan rago da wuri, kuma ragon layya muke nema a wurinta. Idan ka zo hutu ka taho da littafin nan naka, akwai balamar da ta kusa haihuwa a garken yayanka.