Yadda Za Ka Gano Wanda Ya Yi Kiɗan Fim

Malam, ka ce kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin maganar 'yan wasa ya tsaya maka a rai tun da ka fito daga silima, kuma ba ka san wa ya yi shi ba. Shazam, manhajar nan ta waya mai gano sunan waƙa, ba kasafai yake gane irin wannan kiɗan ba, domin da yawansu ba a fitar da su daban kamar waƙa.

Sunan na ƙarshen fim, cikin rubutun nan da ke hawa sama lokacin da kowa ke sauri ya kama motar Agege. Ka daure ka zauna. Idan ya wuce ka, IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, na jera ma'aikatan fim.

Ni haka na gano Kulanen Ikyo, wanda ya yi kiɗan October 1 na 2014 da Lionheart na 2018. Wallahi na sake kallon na farkon don kunnena kawai, da abin sauraro a kunne, bayan an kashe janareton maƙwabta. Abin da ya burge ni, ya san inda zai yi shiru.

Wane fim ka kalla ne, ɗan'uwa? Faɗa mini, ƙila na san mutumin.