Kamfani na iya ba ɗan takara kuɗi a Amurka? Amsa ga wani ɗan kasuwa a Bronx

Tambaya: Barista, ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, ina da kamfanin jigilar kaya. Na rubuta wa wani mai neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya cakin dala 8,000 daga asusun kamfani, suka dawo min da shi. Sai wani yaro a ofishin ɗan takarar ya ce in sa direbobina su bayar da sunansu, ni in mayar musu. Haka aka yi da mutum huɗu, kowa dala 2,000, na zuba musu a albashi. Yanzu mun saɓa da ɗayansu kan kuɗin ƙarin awoyin aiki, yana cewa zai tona. Ni dai na san tun 2010 Kotun Ƙoli ta halatta wa kamfanoni kuɗin siyasa, kuma ƙungiyoyin ƙwadago kullum bayarwa suke yi. Zan iya sallamar sa in maka shi a kotu?

Amsa: Alhaji, ban ga takardun kamfaninka ba, ban kuma ji ta bakin direban ba, don haka abin da zan faɗa ya dogara ne da labarinka kaɗai. Amma ko a hakan, shawarata ita ce ka ajiye maganar kora da ta kotu tukuna. Abin da ka dogara da shi ba haka yake a doka ba.

Hukuncin da kake nufi shi ne na shari'ar Citizens United, Janairun 2010, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Abin da ya buɗe shi ne kashe kuɗi don raɗin kai: kamfani ya sayi talla a talabijin yana cewa a zaɓi wane ko kada a zaɓe shi, ba tare da ya haɗa baki da ɗan takarar ko mutanensa ba. Miƙa kuɗin kamfani kai tsaye ga ɗan takarar tarayya kuwa haramun ne tun dokar Tillman ta 1907, kuma hukuncin 2010 bai taɓa wannan hanin ba. Ma'ajin da ya dawo maka da caki aikinsa ya yi. Mutane da yawa suna ruɗewa a daidai nan, ba kai kaɗai ba ne, sai dai ruɗewa ba ta mayar da kuɗin halal.

Haka ma zancen ƙungiyoyin ƙwadago. An hana su ba 'yan takarar tarayya kuɗi lokacin yaƙin duniya na biyu a 1943, dokar Taft-Hartley ta 1947 ta tabbatar da hanin. Kuɗin da ƙungiya ke karɓa na wata-wata daga mambobinta ba ta isa ta ɗiba ta ba ɗan takarar tarayya ba. Abin da kake gani yana fita daga asusu ne na daban da ake kira PAC, wanda mambobi ke zubawa da son ransu, kuma galibi dala 5,000 ce iyakar abin da zai ba ɗan takara a zaɓe guda. Kamfani ma yana da wannan damar. Zai iya buɗe PAC, ya ɗauki nauyin gudanar da shi, ya nemi gudummawa wajen masu hannun jari da manyan ma'aikata da iyalansu. A takarda dai ma'auni ɗaya aka yi wa ɓangarorin biyu, ko da kowane ɓangare na kukan ɗayan ya fi shi morewa.

Akwai wata 'yar kafa da ya kamata a duba. Idan kamfaninka LLC ne, wato irin rajistar da ke raba bashin kamfani da dukiyar mai shi, kai kaɗai ke da shi, kuma ba ka zaɓi a biya harajinsa a matsayin cikakken kamfani ba, ana iya lissafa kuɗinsa a matsayin naka. Wannan zai iya rage laifi ɗaya. Ba zai taɓa babban ba.

Babban shi ne na direbobin. Dokar tarayya ta hana mutum bayar da gudummawa da sunan wani, ta kuma hana mutum ba da aron sunansa. Mayar musu da kuɗin ta cikin albashi, ko an kira shi kyauta ko ladan ƙwazo, bai canja komai ba, illa ma ya bar shaida a rubuce. Idan aka tabbatar an yi da sani da gangan, tarar tana farawa daga ninki uku na kuɗin, kuma Ma'aikatar Shari'a na iya gurfanar da mutum. Da yake jimillar ba ta haura dala 10,000 a shekara ba, mai yiwuwa ta tsaya a ƙaramin laifi mai ɗaurin da bai wuce shekara guda ba. Na ce mai yiwuwa ne saboda ban sani ba ko akwai wasu kuɗin da ba ka ambata ba. Dawo da cakin farko shi ya fi tsaya min a rai, domin mai bincike zai ce tun daga ranar ka san akwai hani, ka zagaya.

Sai kuma tambayar da ba ka yi ba. Cikin mutum huɗun nan, duk 'yan ƙasa ne ko masu girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin? Wanda ba shi da ɗaya daga cikin biyun ba shi da izinin ba da ko sisi a kowane zaɓe a Amurka, na tarayya ko na jiha ko na birni. In akwai irinsa, an jefa bawan Allah cikin abin da zai iya shafar takardunsa, kuma yana bukatar lauyan shige da fice nasa na kansa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin direba ba ya iya ce wa mai gidansa a'a cikin sauƙi.

Shi kuwa yaron da ya ba ka shawarar, ban ga uzurinsa ba. Duk wanda ke aiki a ofishin ɗan takara wannan ne darasin farko da ake koya masa. Shi ma doka na iya hawa kansa, amma laifinsa ba ya wanke naka. Kada ka ƙara magana da shi.

Abin yi ba mai wahala ba ne. Ka nemi lauyan da ya san dokar kuɗin zaɓe a makon nan, kafin ka rubuta wa kowa komai. Ka adana takardun albashi, na banki da saƙonnin WhatsApp, kada ka goge ko ɗaya. Lauyan zai sanar da ma'ajin ɗan takarar, wanda doka ta ba kwana 30 ya fitar da kuɗin da ya gano na haram ne. Daga nan ku duba kai kanku gaban hukumar zaɓe ta tarayya, FEC. Tsarinta tun 2007 shi ne ta rage tara, sau da yawa da kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari, ga wanda ya fara kawo kansa ya ba da haɗin kai, kuma tana da sashen sasantawa na ƙananan lamura. Hakan ba ya ɗaure hannun Ma'aikatar Shari'a, shi ya sa lauya ne zai auna yadda za a shiga da lokacin shiga. Wa'adin tuhuma shekara biyar ne, don haka yin shiru a jira ba dabara ba ce.

Direban nan kuma, in ka kore shi yanzu za a ce ramuwa ce, ka ƙara wa kanka wata ƙarar. In ka kai shi kotu kan ɓata suna, gaskiyar maganarsa ita ce kariyarsa, kuma da rantsuwa za ka amsa tambaya kan dala 8,000 ɗin. Baki shi ke yanka wuya. A lissafa haƙƙinsa na awoyin aiki, in yana bin ka a biya shi. In kuna so limami ko dattijan unguwa su shiga tsakani, madalla, amma sulhun ya tsaya kan albashi kawai, a rubuce, da sanin lauya. Kada a saka sharaɗin ya yi shiru, kada wani ya ce masa ya sauya labari, domin wannan laifi ne da ya fi na farko nauyi.

Nan gaba in kana son taimaka wa ɗan takara, kuma kai ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, ka bayar daga asusunka na kanka da sunanka. A zangon 2025 zuwa 2026 iyakar ita ce dala 3,500 a kowane zaɓe, na fid da gwani daban, babban zaɓe daban, tsabar kuɗi a hannu kuma kada ta wuce dala 100. Dokokin jihar New York da na birnin sun sha bamban da waɗannan, sai ka sake tambaya kafin ka rubuta caki.