Na kai dabarata gasa, kamfanin ya fito da irinta

Tambaya: Metir, barka da aiki. Ni matashi ne a Damagaram. Bara wani kamfani ya buɗe gasa, ya ce duk mai dabarar da za ta taimaki manoma ya aiko. Na aika zane da bayanin akwatin busar da tumatir da tattasai mai aiki da hasken rana, wanda muka haɗa da wani mai walda a Zango, ƴan gurup ɗinmu na WhatsApp suna ba da shawara. An ce mu ɗora bidiyo a Facebook don jama'a su zaɓa, na ɗora. Ban ci ba. Yanzu ga shi kamfanin yana tallar akwati kusan irin nawa. Ina so in kai su kotu kan sata. Ni na fara tunaninsa, kuma kowa ya sani.

Amsa: Ƙanena, ban ga takardunka ba, ban ga akwatin nasu ba, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne kan abin da ka rubuto kawai. Amma tun daga jimlarka ta ƙarshe akwai gyara. "Ni na fara tunaninsa" magana ce mai nauyi a fada wurin shayi. A gaban alƙali nauyinta kaɗan ne, domin doka ba ta ba kowa mallakar tunani. Busar da kayan lambu da zafin rana a cikin akwati ba naka ba ne, ba na kamfanin ba ne. Abin da ake iya mallaka shi ne takamaimiyar hanyar da ka warware wata matsala, misali yadda ka jera farantan ko yadda iska ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama, kuma ko ita sai ka nema an ba ka.

Wurin nema shi ne OAPI, hukumar kare mallakar ƙirƙira da ke Yawunde a Kamaru, wadda ƙasashe 17 suka haɗu a cikinta har da Nijar, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka sake wa fasali a 1999 da 2015. Ba sai ka je Kamaru ba, tana da ofishin da ke karɓar takardu a Yamai. Takardar mallakar ƙirƙira tana kare mai ita shekara 20. Akwai ƙaramarta ta shekara 10, wadda aka tanada don gyaran da aka yi wa kayan aiki, kuma ita ce ta fi dacewa da irin akwatinka. Tsarin yana bin wanda ya riga ajiye takarda ne. Ba ka ce ka ajiye komi ba, to na ɗauka ba ka ajiye ba.

Za ka ce to bari in ajiye yanzu. A nan ne bidiyon nan ya shigo. Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, wato jama'a ba su san shi ba ko'ina a duniya kafin ranar da ka ajiye. "Kowa ya sani" da kake taƙama da shi, shi ne hujjar da lauyan kamfanin zai fara ɗagawa. In a bidiyon ka buɗe akwatin ka nuna cikinsa kana bayani, da hannunka ka mai da shi na kowa. Yarjejeniyar ta bar ƴar ƙofa ta wata 12, ga wanda aka fallasa masa sirri ta hanyar cin amana ko wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Ina shakkar neman ƙuri'a a Facebook zai shiga ɗaya daga cikin biyun, kuma tunda ka ce bara ne, mai yiwuwa ma lokacin ya wuce. Sai dai wannan wuƙa tana yanka ta ko'ina: in kamfanin ya je ya nemi takarda kan abin da ka riga ka bayyana, bidiyonka mai kwanan wata zai iya rusa tasa. Kar ka goge shi.

Sai ƙa'idojin gasar, waɗanda na tabbata ka danna "na yarda" ba ka karanta ba, kamar yawancin masu shiga. Kamfanoni ba don Allah suke buɗe irin wannan gasa ba. Sun lissafa ne cewa tattara dabarun ɗaruruwan mutane da kyauta guda ya fi musu arha bisa ɗaukar injiniyoyi, kuma wannan ba laifi ba ne in an faɗa a fili. Ƙa'idojin sukan zo iri uku. Wasu suna cewa duk abin da aka aiko ya zama na kamfanin. Wasu suna barin mallaka ga mai aikowa, amma su ba kamfanin izinin amfani kyauta. Wasu kuma na wanda ya ci kaɗai suke ɗauka, sauran su yi alkawarin ba za su taɓa ba. Dokar farar hula tamu, a sashe na 1134, ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta. In taka iri ta farko ce, da wuya ƙwarai. In ta uku ce, to kana da magana ta gaske, amma sunanta saɓa alkawari, kuma ita ce za ka riƙe. Kalmar sata ka ajiye ta gefe, musamman a Facebook, don kar ka tafi neman hakki ka komo da ƙarar ɓata suna a wuyanka.

Akwai wasu ƙofofi biyu, ƙanana. Zanenka da hotunanka da bidiyonka suna da kariyar hakkin mawallafi tun ranar da ka yi su, ba sai da rajista ba, ƙarƙashin dokar 2010, kuma hukumar BNDA ce ke kula da wannan fage. In kamfanin ya sa zanenka a takardar tallarsa, ka kama shi, sai in ƙa'idojin sun ba shi izini. Amma kariyar ta tsaya ga zanen, ba ta hana wani ya ƙera akwatin ba. Ta biyu ita ce dokar hana gasar kasuwa ta rashin gaskiya, wadda ke cikin yarjejeniyar Bangi ɗin, tare da sashe na 1382 na dokar farar hula kan biyan diyyar ɓarna. Tana iya aiki in akwai awo ko lissafin da ka aika musu su kaɗai, ba ka nuna a bidiyo ba, kuma ga shi ya fito a akwatinsu daidai. Kai ne za ka tabbatar da hakan. Su kuwa za su ce injiniyoyinsu sun daɗe a kan aikin, kuma irin wannan akwati cike yake a intanet. Maganar tasu ta ƙarshe gaskiya ce, ko ba ta yi maka daɗi ba.

Wani abin da ka wuce da sauri: kana cewa "nawa", alhali ka ambaci mai walda da ƴan gurup. Wanda ya bi umarninka ya ƙona ƙarfe an biya shi, ba shi da kaso. Wanda ya ce a karkata gilashin ko a sauya wurin fanka, kuma abin ya yi aiki, yana iya zama abokin ƙirƙira. Ku zauna ku rubuta wa ya kawo me tun kuɗi ba su shigo ba.

Duk da haka ban wanke kamfanin ba. Wanda ya tara dabarun matasa, ya fito da kusan irin ta ɗayansu, bai ko kira shi ya ce sannu ba, ya yi abin kunya ko da takardarsa ta ba shi dama. Kuma wannan kunyar ita ce ƙarfinka, domin kamfanin da ke son ya sake buɗe gasa baɗi ba ya son a ji haka a gari.

Saboda haka ban ba ka shawarar fara da kotu ba. Shari'a irin wannan tana bukatar gwani ya gwada akwatunan biyu, kuɗinsa sau da yawa daga aljihun mai ƙara yake fara fita, kuma in kamfanin a Yamai yake ko ƙa'idojin sun zaɓi kotun can, tafiyar kusan kilomita 900 ce duk zama. Ka sa wisiye, wato ma'aikacin shari'a da kotu ke karɓar shaidarsa, ya rubuta shaidar abin da ke shafinka da tallar tasu kafin wani abu ya ɓace. Lauya ya rubuta musu wasiƙa mai sanyi, wadda ke jera kamannin ɗaya bayan ɗaya, tana neman zama. In sun amsa, dokar sasanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Nijar ke cikinta, wadda aka amince da ita a Konakiri a 2017 ta ba da damar a kai yarjejeniyar da kuka cimma kotu ta sa mata hannu, ta zama abin zartarwa, kuma majalisar ƴan kasuwa tana da cibiyar sasanci a Yamai. Abin da za ka nema ya zama mai yiwuwa: a ambaci sunanka, a biya ka wani abu sau ɗaya, ko a ba ku kwangilar haɗawa da gyara a jihar Damagaram, inda masu lambun Mirya ke kusa da ku ba da su ba. Kaso kan kowane akwati da suka sayar, ban ga abin da zai tilasta musu ba.

In kuma tun bayan gasar ka ƙara wa akwatin wani gyara da ba ka nuna wa kowa ba, ka yi shiru da shi, har a wurin zaman sasancin, sai an duba ko za a iya ajiye masa takarda. Ranar da za ka ga lauya ka zo da ƙa'idojin gasar yadda suke lokacin da ka shiga, saƙon da ka aika da kwanan watansa, da hirar gurup ɗin gaba ɗaya, har da wuraren da wasu suka gyara maka.