Tambaya da Amsa: Takardar harajin wanda za a naɗa babban alƙali

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowar, duk daga Damagaram da kewaye, kuma duk a kan magana guda: ko ya kamata a ga takardar harajin mutum kafin a ɗora shi a kujerar babbar kotu.

Assalamu alaikum. Mun yi gardama a fada da wani abokina. Ni na ji cewa a Amurka ba a naɗa alƙalin Kotun Ƙoli sai ya baje takardun harajinsa kowa ya gani. Shi kuwa ya ce babu wannan doka. Wa ke da gaskiya?
*Wani malamin makaranta, unguwar Birni*

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ne da gaskiya. Babu dokar da ta tilasta wa wanda aka zaɓa ya wallafa takardun harajinsa. Amma wannan ba ya nufin ba a leƙa su.

Shugaban ƙasa ne ke zaɓen mutum, Majalisar Dattawa ta amince ko ta ƙi. Kafin a kai ga ƙuri'a, kwamitin shari'a na majalisar yana miƙa masa doguwar takardar tambayoyi, wani sashe nata na jama'a ne, wani na sirri. Yana kuma cike takardar bayyana dukiya da dokar ɗa'ar ma'aikata ta 1978 ta wajabta, hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, kuma ta binciki rayuwarsa.

Takardar haraji kuwa sirri ce a dokarsu. An tsaurara wannan a 1976, bayan da aka ga yadda fadar shugaba Nixon ta nemi amfani da hukumar haraji wajen musguna wa abokan hamayya. Sashe na 6103 na kundin harajinsu ya bar ƴar ƙofa: idan ana duba mutum don wani muƙami, har da na alƙalanci, fadar shugaban ƙasa na iya tambayar hukumar haraji, wato IRS, abubuwa ƙididdigaggu. Ya miƙa takardunsa a shekaru 3 da suka wuce? An aiko masa da sanarwar biya ya wuce kwana 10 bai biya ba? An ci shi tarar sakaci ko ta zamba? Ana bincikensa kan laifin haraji? Amsoshin ke nan kawai, babu adadin abin da ya samu, babu sunan wanda ya biya shi. Kuma dole hukumar ta sanar da shi cikin kwana 3 cewa an yi tambaya a kansa.

Inda ruɗanin ya samo asali shi ne kwamitin kuɗi na majalisar, wanda shi yana karɓar takardun harajin waɗanda ke bi ta hannunsa, kamar ministan kuɗi da alƙalan kotun haraji. A nan ne Tom Daschle ya yi tuntuɓe a 2009: an zaɓe shi ministan lafiya, sai ta bayyana cewa bai biya harajin da ya haura dala 128,000 ba, akasari kan mota da direban da wani attajiri ya ba shi yana amfani da su. Ya janye.

Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne. Ba na samun kwangilar gwamnati sai na kawo lambar haraji (NIF) da takardar shaidar ba a bina haraji (ARF) daga ofishin haraji. Me ya sa ba a neman irin wannan daga alƙalin da zai yanke hukunci a kan dukiyata? Ai kamata ya yi a liƙa takardar harajinsa a ƙofar kotu.
*Wani Alhaji, kasuwar Dole*

Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma muna tare da kai cewa wanda zai hukunta mai gudun lanho bai kamata a same shi da bashin lanho ba. Sai dai da za a liƙa takardar a ƙofar kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram gobe, ba za ka ga abin da kake nema a cikinta ba.

Alƙali ma'aikacin gwamnati ne. Harajin albashinsa, wato ITS, ana cire shi tun daga tushe kafin kuɗin su shiga hannunsa. Ko alƙalin da ya fi kowa cin hanci, ta wannan fuskar takardarsa fes take, domin ba shi ya biya ba, yanke masa aka yi. Kai da kake lissafa cinikinka da kanka, takardarka tana faɗin wani abu game da gaskiyarka. Tasa ba ta faɗin komai sai matakin albashinsa.

Na biyu, takardar haraji tana nuna abin da ya shigo a shekara ne, ba ta nuna abin da mutum ya mallaka ko bashin da ke kansa. Kyauta ma ba ta fitowa. A dokar Amurka wanda aka yi wa kyauta ba ya biyan harajin samu a kanta. Shi ya sa lokacin da kafar ProPublica ta fallasa a 2023 tafiye-tafiyen alfarma da attajiri Harlan Crow ya riƙa ɗaukar wa mai shari'a Clarence Thomas na Kotun Ƙoli nauyi, gardamar a kan takardar bayyana dukiya aka yi ta. A nan gida, ragon layya, buhun shinkafa, kujerar Makka, fili da aka sayar wa mutum da rabin kuɗinsa, duk "gaisuwa" ake kiransu, kuma babu ɗaya da ke bi ta ofishin haraji. Wannan ciwo tsoho ne. Hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, sananne ne, kuma amsar Manzon Allah (SAW) ita ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

Manyan alƙalan da suka faɗi a kan kuɗi, yawancinsu ta ƙofar dukiya suka faɗi. Abe Fortas ya bar Kotun Ƙolin Amurka a 1969 saboda dala 20,000 da ya karɓa daga gidauniyar wani attajiri da ake bincike, duk da ya mayar da kuɗin. A Filifin an tsige babban alƙali Renato Corona a 2012 saboda kuɗin banki da bai rubuta a takardar dukiyarsa ba. A maƙwabciyarmu Najeriya an dakatar da babban alƙalin ƙasar Walter Onnoghen a watan Janairun 2019 kan zargi irin wannan, kotun ɗa'ar ma'aikata ta same shi da laifi a watan Afrilu, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2024. Labarinsa gargaɗi ne ta ɓangare biyu, domin an dakatar da shi ne ƴan makonni kafin zaɓe, kuma mutane da dama sun ga hannun siyasa a ciki. Takardar da aka ajiye a aljihun masu mulki ana jiran ranar da alƙali zai saɓa musu, makami ce a kan kotu. Mu abin da muke goyon baya shi ne a yi binciken kafin naɗi, a yi wa kowa iri ɗaya, hukuma mai zaman kanta ta yi shi, a kuma bayyana sakamakonsa.

Game da ƙasarmu Nijar: kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa bayyana dukiyarsa cikin awa 48 da rantsuwa, firaminista da ministoci kuma cikin kwana 7, a sabunta kowace shekara da ranar barin aiki, a buga a jaridar hukuma. Ya bar wa doka ta fayyace sauran jami'an da abin ya shafa. Alƙalai kuwa shugaban ƙasa ke naɗa su bisa shawarar ministan shari'a da ra'ayin majalisar ƙoli ta alƙalai, ba sa tsayawa gaban ƴan majalisar dokoki a yi musu tambayoyi irin na Amurka ko Najeriya. An dakatar da wannan kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan kotunan da aka rusa. A tsari irin namu, to, wurin da ya dace a nemi takardun shi ne teburin majalisar alƙalai, kafin sunan mutum ya kai ga sa hannu.

To idan takardar haraji ita kaɗai ba ta wadatar, yaya mai bincike ke gane cewa dukiyar mutum ta fi ƙarfin samunsa? Ina karatun shari'a, ina son in fahimci lissafin.
*Wata ɗaliba, Jami'ar André Salifou*

Malama, takardu biyu ake ɗorawa a kan juna: ta haraji da ta dukiya. Kowace ita kaɗai makauniya ce. Ga misali da alƙaluman da muka ƙaga don koyarwa kawai.

A ce albashin wani alƙali jaka 600 ne na sefa a wata bayan an cire haraji. A shekara 5 ya tara miliyan 36. Yana da gidan haya da ya bayyana, yana kawo miliyan 6 a wannan tsakanin. Abin da ya shigo a fili miliyan 42 ke nan. A ce ci da sha, kuɗin makarantar yara, mai, magani da hidimar dangi suna cin jaka 450 a wata, wato miliyan 27. Abin da zai iya ajiyewa bai wuce miliyan 15 ba. Yanzu a duba dukiya: a farkon lokacin miliyan 20 ce, a ƙarshe ta kai 75. Ƙarin miliyan 55. A cire bashin banki na miliyan 10 da ya ci ya yi gini, saura 45. A cire 15 ɗin da zai iya ajiyewa. Miliyan 30 suka rage ba su da uwa ba su da uba, kuma a kansu za a tambaye shi.

Giɓi ba laifi ba ne tukuna. Mai yiwuwa gado ya ci, ko ya sayar da gona. Amma kowane bayani da takardarsa: gado da takardar rabon gado, cinikin gona da takardar hukumar filaye ko ta mai gari da shaidu, bashi da yarjejeniyar banki. Bashin da aka ce wani ɗan kasuwa ya bayar da baki, babu ruwa babu ranar biya, shi ne abin da mai bincike ya kamata ya fi tsayawa a kai, ya duba ko mai bayarwar ya taɓa samun shari'a a gaban mai karɓa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ƙima. Filin da aka saya miliyan 1 a bayan gari shekaru 15 da suka wuce, gari ya cim masa, yau ya kai miliyan 10. Idan aka rubuta kuɗinsa na yau, sai mutumin kirki ya fito kamar ɓarawo. Kuɗin saye ake rubutawa, da ranar saye. Haka garke: shanun da ke hannun makiyayi a Tanut suna haihuwa, suna mutuwa a fari, don haka adadin kai da shekarar da aka fara kiwon ake nema. Akasin haka ma na faruwa, a rubuta ƙaramin kuɗi a takardar cinikin gida don a rage kuɗin rajista, sai dukiyar ta fito ƙasa da yadda take.

Sai batun iyali, wanda ya fi kowanne wuya a wurinmu. A Musulunci dukiyar mace tata ce, zinariyarta da awakinta da jarinta ba na miji ba ne, kuma tana da haƙƙin ta ce ba ita aka naɗa ba. Amma kowa ya san sunan mata da ƴaƴa da ƙanne shi ne rumbun da ake ɓoye abin da ba a so a gani. Amurka ta sa dukiyar miji ko mata da ta yaran da ke ƙarƙashin mutum a cikin takardar: kadarar jari da ta haura dala 1,000, bashin da ya haura dala 10,000, kuma a rukuni-rukuni ake faɗin ƙimarsu, ba a faɗin adadi daidai. A ra'ayinmu hanyar da ta dace da gidajenmu ita ce mai bincike ya ga komai a asirce, musamman abin da ya shiga sunan iyali bayan mutum ya fara aiki, jama'a kuma su ga dunƙulallen sakamako, ba tare da lambar asusu ko kwatancen gida ba. Alƙalin da ke shari'ar ƴan bindiga da masu fataucin ƙwaya, buga kwatancen gidansa a jarida haɗari ne ga ransa da na iyalinsa.

Idan aka tarar ana bin mutum bashin haraji, shi ke nan ya rasa kujerar?
*Wani tsohon ma'aikacin kotu, Mirya*

A'a, Baba, ya danganta da irin bashin. Wanda ya yi kuskuren lissafi, ko yake jayayya da ofishin haraji ta hanyar doka, daban yake da wanda bai taɓa bayyana gidajen hayarsa ba, shi ma daban yake da wanda ya rubuta ƙarya ya sa hannu. Timothy Geithner ya biya kusan dala 34,000 da ake binsa, ya amsa kuskurensa, majalisa ta amince da shi ministan kuɗin Amurka a 2009. A Faransa, inda dokar 2013 ta sa a binciki harajin kowane sabon minista, Thomas Thévenoud kwana 9 ya yi a gwamnati a 2014 aka sallame shi, don ya yi shekaru yana jinkirin miƙa takardunsa. Alƙalin tarayya Harry Claiborne kuwa an same shi da laifin ƙarya a takardar haraji a 1984, ya shiga kurkuku yana karɓar albashinsa, sai a 1986 Majalisar Dattawa ta tsige shi. A alƙali ma'aunin ya kamata ya fi na minista tsanani, domin minista ana iya sauke shi da safe, alƙali mai yanke hukunci kuwa doka ta kare shi daga haka.

Takardar shaidar cewa ba a bin mutum komai tana faɗin halin da ake ciki ne a ranar da aka buga mata hatimi. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin naɗi zai iya zuwa ya biya bashin shekara 4 a yini ɗaya ya karɓo ta. Don haka mai bincike ya nemi tarihin biyan daga ofishin harajin kai tsaye, shekara 5 zuwa baya, kowane biya da ranarsa da tarar jinkirin da aka ɗora masa, sannan ya ajiye waɗannan ranakun kusa da ranar da aka fara ambaton sunan mutumin.