Ƙanina, Turancin da za ka tarar a Manchester daban ne

Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, ka ci Turanci a WAEC, saboda haka harshe ba zai ba ka wahala ba, kuɗin haya kawai kake son ji. Maganar haya sai mun yi waya. Maganar harshen ce ta fi damuna.

Manyan kalmomi ƙamus yana warware su. Ƙananan da ka sani tun firamare su ne ke kayar da mutum. A gida mun mayar da "sorry" sannu. A nan, in ka faɗe ta ita kaɗai, sau da yawa abin da ake ji shi ne "laifina ne". A gidan kula da tsofaffi inda na fara aiki, wata tsohuwa ta zame a banɗaki, na ruga ina ce mata sorry, sorry, yadda zan yi wa kakarmu sannu. Shugabar aikin ta kira ni ofis tana tambaya me na yi wa matar har nake ba ta haƙuri. Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Tausayi na nuna, aka ɗauka amsa laifi nake.

Kada ka ce "I'm coming" kana fita daga ɗaki, ba su san "ina zuwa" irin namu ba. "Well done" ba sannu da aiki ba ne, yabo ne bayan an gama abu. In mai shago ya ce "You alright?" gaisuwa ce kawai, ba ya jiran labarin lafiyarka. "Cheers" na gode ne. A arewacin Ingila "tea" na iya zama abincin dare, "pants" kuma a yawancin ƙasar ɗan kamfai ne.

Amma inda ɗalibanmu suka fi yin asara shi ne wajen malamai. Baturen Ingila ba ya ce maka aikinka bai yi ba. Zai rubuta "You might want to look at this again", kai kuma ka ɗauka shawara ce wadda in ka ga dama ka bi. Umarni ne, ka gyara. In ya ce "interesting", ka bincika, wataƙila bai gamsu ba. "Not bad" kuwa yabo ne. Na ga yara masu ƙoƙari sun rasa maki a nan, suna cewa ai malam bai ce komai ba.

Sai "please". Ka ce "give me" a kanti ko a ofis, an gama yanke maka hukuncin rashin ladabi, kuma ba wanda zai faɗa maka.

Yau, alhamdulillahi, ni ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake magana da tsofaffin nan, amma na sha wuya kafin nan. Kafin bizarka ta fito, ka riƙa sauraron BBC Radio Manchester ta intanet, musamman lokacin da mutanen gari ke bugo waya. Abin da ba ka gane ba ka rubuta ka turo mini.