Kada ki tsayar masa da tarin nan

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana da COPD, wato ciwon huhu mai daɗewa da ke ƙuntata hanyoyin numfashi, yana kwana yana tari amma kakin ya ƙi fita, kina tambaya ko ki sayo masa maganin tsayar da tari. Don Allah kada ki sayo, musamman mai kodin. Shekara 6 ina jinyar mahaifina kan wannan ciwon, kuma kuskuren da na fara yi ke nan. Tarin ya lafa, muka yi barci har muna murna, kwana uku sai ga zazzaɓi da haki. Hoton ƙirji ya nuna kaki ya toshe wata hanyar iska, wani sashe na huhun ya motse.

A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ke share majina zuwa sama. Hayaƙin taba da ciwon kansa suna lalata su, sai majinar ta taru ta yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Tari ne ya rage masa na fitar da ita.

Abin da ya fi yi mana amfani, likitar motsa jiki ce ta koya mana. Ya zauna, ya yi numfashi a hankali har ya natsu. Sai ya ja dogon numfashi sau 3 ko 4, yana riƙe kowanne kamar daƙiƙa 3. Sannan ya buɗe baki ya yi huci, kamar mai son tururin bakinsa ya kama madubi. Hucin nan shi ke tunkuɗo kakin sama, tari ɗaya ya fitar da shi. Da farko mahaifina dariya ya yi, wai na mai da shi yaro. Safe da yamma muke yi, bayan ya shaƙi inhelarsa mai buɗe hanya, ba kuma da cikakken ciki ba.

Ya riƙa shan ruwa, sai dai in an taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda, ya kuma ɗan taka ko a cikin ɗaki ne. Akwai magungunan tsinka kaki irin su Carbocisteine, da ruwan gishiri na nebulaiza (na'urar da ke mai da ruwan magani feshi a shaƙa), amma likita ne zai rubuta, don ruwan gishirin yana shaƙe wasu.

In kakin ya ƙaru ko ya koma kore, ko zazzaɓi ya shigo, ku ga likita a ranar. In kuwa kin ga jini, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko ya kasa ƙarasa magana don haki, ku tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.